Ofelia da firjin da ya ƙi ba da ƙanƙara

Ofelia Barraza ba ta kai kafaɗata ba a tsawo, amma a layinmu na garin Odessa har karnuka shakkarta suke ji. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu. Ni ne Delbert, direban babbar mota da ya ajiye sitiyari, aikina yanzu leƙe da tsokanar mutane.

A kicin ɗin makarantar firamare ta ƙare ƙuruciyarta. Ita ke dafa wa yara abinci, ita ke wanke injin ƙanƙara, don ruwan garinmu zartsi ne, duk abin da ya taɓa sai ya bar masa farin ɓawo. Rabin 'yan sandan garin nan ita ta zuba musu wake a faranti, har gobe in ta harare su sai sun gyara tsayuwa.

Mijinta Ignacio makaniki ne a rijiyoyin mai. A da, ko keken yaro ne ya yi ƙara a layin, shi ake kira. Sai ciwon ƙoda ya kama shi, aka fara yi masa wanki a asibiti, likita ya ƙayyade masa ruwan sha. Ƙanƙara ce ke riƙe shi a zafin nan namu, 'yan ƙanana masu laushi da firjinsu ke fitarwa, yana tsotsa ɗaya bayan ɗaya. Da hannunsa ya soma rawa sai ya kulle akwatin kayan aikinsa, ya koma kujera gaban talabijin. Ko na ce masa kakata ta fi 'yan ƙwallonsa gudu, ba ya tankawa. Ofelia ta taɓa ce min, "Kafin ciwon ya ci shi, kujerar nan za ta cinye shi."

Wata Asabar da hantsi firjin ya daina aiki ta wajen ƙanƙara, jar fitila na ta ƙiftawa. Na ji Ofelia tana mita ta taga, na sayo ƙanƙara jaka guda, na nufi ƙofarsu ina jin kaina gwarzo. Ta tare ni.

"Mayar da ita gidanka, uban shisshigi. Na ɓoye wadda za ta kai shi yamma. Shigo ka riƙe tocila, kuma ka riƙe bakinka."

Ta tsaya gaban firjin ta ɗaga murya yadda zai ji. "Ni dai ban san kan abin nan ba. Delbert ya ce a buga masa guduma."

Ban ce ba. Amma na karɓa. "Sosai ma, maigida. Haka nake wa motata."

Can sai ga murya daga kujera, kamar daga cikin rijiya. "Shi ya sa motarka ta mutu. Ruwa na shiga?"

"Ina zan sani, tsoho?"

"Danna wajen sha ki gani."

Ruwa ya zubo. Ya ce to ba bututu ba ne. Ya sa ta kashe wuta, ta buɗe murfin injin ƙanƙarar, ta faɗa masa abin da take gani. Ta ce ga ɗan tanki a bushe, ga wani abu kamar goro maƙale a sama.

"Wane irin goro kuma?"

"Irin na roba mana. Ni ba makaniki ba ce."

Na ji kujera ta yi ƙara. Ga Ignacio yana dafe bango, yana tsaki. Ya ture ni gefe, ya ce tocilar ma ban iya riƙewa ba. Ya leƙa, ya yi bayani a hankali: robar nan ita ke yawo a kan ruwa tana gaya wa injin ko tanki ya cika. Ɓawon zartsi ya liƙe ta a sama, injin yana zaton a cike yake, shi ya sa ya hana ruwa shiga.

"Ikon Allah," in ji Ofelia, matar da ta kankare irin wannan robar tun kafin gashina ya zube. Kwalbar ruwan kal ma, mai tsamin nan da ke cinye ɓawon zartsi, tana ajiye a bayan tukunya tun safe, na gan ta da idona.

Shi ya aike ta ta ɗauko kwalbar. Ya ce a kawo tsohon buroshi, ya zaro ɗan mukullin akwatinsa daga aljihu ya miƙo min. "Sukundireba mai jan kai. Ja, Delbert, kalar fitilar da kake wucewa a titi." Aka kwance sukurorin tankin, yana ba da umarni tana gogewa, har robar ta saki, tana sauka tana hawa. Sukurun ƙarshe ya ce shi zai ɗaura. Hannun na rawa, ya kuskure, ya sake. Ofelia ta juya baya tana wanke kofin da yake a wanke.

Bayan azahar muka ji ƙanƙara ta fara zubowa. Ya jefa ɗaya a baki.

Da yamma na tare ta a shinge. "Injiniya, ashe ba ki san goron roba ba?"

"Ka kuskura ka faɗa masa, ka gama cin tamale, alalar masarar nan tawa, a gidan nan."

Ban faɗa ba. Washegari ina yanke ciyawa da inji sai ga Ignacio tsaye a wajen shingen, akwati a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Kashe abin nan ka turo shi," ya ce. "Kukansa ya fi surutunka muni."