Aƙilu da Jan Murfi Ɗari Takwas

Kafin a san shi da gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin, Aƙilu mai hayar keke ne. Tun wajen shekarar tamanin da huɗu yake da kekuna bakwai a jingine da bangon shagonsa a Karaye, kan hanyar da ke fita Rogo. Siriri ne, mai yawan shiru. Ko an dawo masa da keke a karye ba ya tsawa, sai ya tsuguna ya duba sarƙar, ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauko sifana. Da babura suka yi yawa, acaɓa ta cika gari, samari suka daina marmarin taka feda. Wata rana sai ya wuni keke biyu kaɗai suka fita.

A casa'in da uku ya je Kano sayen taya. A wani shago ya ga samari sun kafa wa talabijin ido, kowa da ɗan abu a hannu yana dannawa, 'yan mutane ƙanana na guje-guje da ƙwallo a cikin gilashi. Ya tsaya kallo har la'asar ta kusa wuce shi. Da ya dawo ya sayar da keke huɗu, ya sayo talabijin, da injin gem mai kaset, da ƙaramar janareta.

Samarin da ke zuwa wurinsa yawancinsu manoma ne, kuɗi ba ya zama a aljihunsu sai da kaka. Shi ya sa ya fito da dabarar murfi. Ka kawo tiyar gyaɗa, ya ba ka murfin kwalbar lemo biyar waɗanda matarsa Barira ta shafa wa shuɗin fenti, ragowar wanda aka shafa wa ƙofa. Murfi ɗaya, wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Mutum zai iya ajiye murfinsa har bazara, ranar da ya kawo za a karɓa. Shekara huɗu ana haka ba a taɓa jin an mayar wa wani da murfi ba. Har mai shayi yakan karɓe shi a madadin canji, don ya san na Aƙilu ne.

A kakar casa'in da bakwai labari ya zo cewa wani Shitu a Rogo ya kawo sabon inji mai faifai. An ce 'yan ƙwallon ciki kamar mutanen gaske suke, har da mai sharhi yana ihu. Mijinyawa ne ya fara zuwa ya gano. Shi ne gwanin shagon, ɗan gidan mai unguwa, mai baki kamar reza. Ya dawo ya zauna a benci ya ƙi ɗaukar hannun gem.

"Yaya Aƙilu, naka fa 'yan tsana ne. Na Shitu har gumi suke yi."

"To ka biya acaɓa kullum ka je ka share musu gumin," in ji Sulle, abokin hamayyarsa.

Aka yi dariya, amma Aƙilu ya lura sati bai cika ba benci ɗaya ya zama babu kowa.

Abin da ya tara bai kai rabin kuɗin inji ba. Sai ya tara samarin bayan sallar Juma'a ya gaya musu gaskiya. Zai yi jan murfi na sabon inji, tiya ɗaya murfi huɗu, a biya yanzu, a yi wasa in inji ya zo. Babu wanda ya nemi takarda. Suka yi ta kawo gyaɗa a buhunan taki da ƙwarya, har daga Kwanyawa. Hammawa, wani saurayi Bafulatani da ba ya shigowa gari sai ranar kasuwa, ya karɓi murfi arba'in ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya ce sai sun dawo daga kiwon rani.

Barira ba ta iya lissafin takarda ba, don haka ta yi nata irin. Kafin ta shafa fenti sai ta huda kowane murfi da ƙusa, ta zura ashirin-ashirin a zare kamar mai shanya kuɓewa. Zare arba'in ta yi. Jan murfi ɗari takwas, gyaɗa buhu biyar.

Aƙilu ya kai gyaɗar kasuwar Rogo, ya haɗa da nasa, ya wuce Kano. Injin da kuɗinsa ya kai na hannu ne, daga waje aka kawo shi. Da aka gama ciniki mai shagon ya ɗora wani ɗan baƙin akwati mai nauyi a kan tebur, ya ce taransifoma ce, dole a haɗa da ita don wutar ƙasar da aka yi injin ba irin tamu ba ce. Kuɗinta daban. Aƙilu ya taɓa aljihu, daga kuɗin mota sai na faifai biyu. Ya tuna tsohon injinsa shekara huɗu yana aiki ba tare da wani akwati ba. A ransa ya ce halin 'yan kasuwar birni ne, sai sun ga ɗan ƙauye su ƙara masa kaya. Ya yi godiya ya ce wani zuwan.

Ya iso gida bayan azahar ya tarar da ƙofar shago maƙil. Wasu har sun hau katanga. Ya yi bisimilla, ya ja janareta, ya jona waya. Fitilar injin ta yi kore sau ɗaya. Sai wata 'yar ƙara, sai siririn hayaƙi ya fito ta gefe, wari irin na ƙonannen roba ya cika ɗakin.

Mijinyawa ne ya fara magana.

"To jama'a, ku shaƙa da kyau. Gyaɗarku ce ake soyawa."

Daga ranar aka sa masa Aƙilu Hayaƙi. Sunan bai dame shi ba kamar maganar da ta biyo baya, wai kwango ya sayo da gangan, ya cusa tsumma a ciki, ya cinye kuɗin. Dattawan da dama can ba sa son gem suka ce ai ga irinta nan. Mai shayi ya daina karɓar ko shuɗin murfi. A masallaci ana ba shi hannu, amma gaisuwar ta gajarce, daga lafiya lau sai a juya. Samari suka koma hawa babur uku-uku zuwa wurin Shitu.

Barira ta ce masa, "Baban Adama, ka tara su ka rantse musu mana."

"Rantsuwa ba ta kunna inji. Kuma gaskiyarsu ce, an nuna mini akwatin na ƙi."

Wata biyar injin ya yi a wurin mai gyara a Kano ana jiran kayan ciki. Aƙilu ya sayar da kekuna ukun da suka rage. Bai isa ba, ya jinginar da gonar da ya gada a hanyar Kwanyawa. Wannan karon da taransifomar ya dawo, a rungume kamar jariri. Bai yi shela ba. Ya rubuta da alli a ƙofa cewa duk mai jan murfi ya zo.

Suka zo, da fari ɗaya-ɗaya, suna leƙe suna gatse. Inji ya tashi, mai sharhi ya yi ihunsa, 'yan ƙwallo suka yi gumin da aka faɗa. Sai dai shekarar ta wahalar mai ce. Fetur sai a hannun 'yan bumburutu, galan ya ninka kuɗinsa, kuma jan murfi ba ya kawo ko sisi, an riga an ci kuɗinsa tun bara. Kowace ƙwallo aka buga daga tukunyar Barira take fita.

Kullum da yamma yakan kai mata abin da aka kawo ta mayar a zare. Wata rana ta ware guda tara a tasa, ta tura masa.

"Waɗannan ba nawa ba ne."

"Ja ne fa."

"Ja ne, amma duba. Babu huda. Kuma nawa irin fentin ƙofa ne, wannan na babur ne, ji yadda yake ƙyalli."

Washegari goma sha biyu, jibi ashirin. Aƙilu ya san in ya ce ba zai karɓi wani murfi ba, kafin magariba gari ya ɗauka cewa Hayaƙi ya fara zamewa. Wa zai tsaya duba huda? In kuma ya ci gaba da karɓa, murfin lemo ba ya ƙarewa a bola. Ya kwana uku yana juya abin. Ya kuma ga hannun da ke miƙo masu ƙyallin, ya san ko na wane ne.

A rana ta huɗu ya buga ƙusoshi a bangon shago ya rataye zarurrukan Barira a jere. Marasa hudar kuma ya zuba su a tasa ya ajiye kusa da talabijin. Bai hana kowa wasa ba. Sulle ne ya tambaya.

"Yaya, waɗannan na tasa fa, miya za a yi da su?"

"Barira ce ta kasa zura su. Nata duk ta huda kafin ta shafa fenti, waɗannan kuma ba ƙofa. Na ce ta bar su, mai su ya yi wasansa ai."

Kowa ya sa hannu a aljihu yana laluben nasa. Mijinyawa bai laluba ba. Ya ci gaba da kallon talabijin har aka zura masa ƙwallo biyu, shi da ba a cika ci ba. Da ya tashi bai yi wa kowa ba'a ba. Daga ranar tasar ba ta ƙaru ba. Ɗari da sittin da uku ne a ciki, kuma Aƙilu bai taɓa kiran sunan kowa ba, ko ga Barira.

Ruwa ya sauka, zare talatin da bakwai sun cika a bango da 'yan kai, sai ga Hammawa ranar kasuwa, ya rame, ya yi baƙi. Bai ji labarin komai ba. Ya gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, ya kwance bakin rawani ya zube murfi arba'in a tebur.

"Yaya Aƙilu, injin namu ya zo?"

Ranar babu ɗigon mai a janareta. Abin da ke aljihun Aƙilu na dawar gida ne, Barira na jira. Ya dubi murfin, kowanne da hudarsa, fentin ya koɗe da gumi.

"Ya zo. Zauna, ina zuwa."

Ya ɗauki galan ya fita. Da ya dawo ya tarar da Mijinyawa zaune kusa da Hammawa yana nuna masa inda ake danna bugu. Da aka tayar da inji Mijinyawa ya ajiye naira ashirin a tebur, kuɗi na farko da sabon injin ya gani, ya ce shi ne abokin karawar baƙo. A gida kuwa ranar kunun kanwa aka sha da dare.

Samarin sun dawo daga baya, ba duka ba. Mai shayi ya koma karɓar murfi. Amma kuɗin bai taɓa taruwa ya fanshi gonar ba, wanda aka jinginar wa ya noma ta shekara biyu, a ta uku aka yi ciniki ya cika ɗan abin da ya rage. A ƙarshen casa'in da tara janareta ta mutu mutuwar da ba gyara, Aƙilu ya rufe shago ya koma faci a bakin tasha. Har yanzu akwai masu ce masa Hayaƙi, yana amsawa.

Talabijin ya sayar, benci ya sayar. Injin da taransifomar kuwa suna ƙarƙashin gado a naɗe cikin zane. Barira ta yi masa maganar sau biyu, ta ce ko buhun masara sa kawo. Ya nuna mata zare na arba'in da ke rataye bayan ƙofa, murfi tara ne kawai a jikinsa.

"Saura sha ɗaya a hannun mutane," ya ce. "In mai su ya zo, na ari janareta."