Ranar da Mma Lariba Ta Kife Faifai

Shekara ashirin da biyu Mma Lariba ta yi tana zaɓen goro a rumfar Alhaji Seini da ke unguwar Akwatialine. Mace ce gajera mai yawan raha, kuma hannunta ya fi idonta sanin goro. Tana ɗagawa za ta ce wannan zai kai Kano lafiya, wancan kuwa akwai ƙwaro a cikinsa. Alhaji bai taɓa wuce ta da safe ba sai ya tsaya ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?"

A ƙarshen 1969 aka ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar. Alhaji ya koma Nijar, rumfar ta koma hannun wani ɗan kasuwa, Mumuni. Ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ba linzami. Matan rumfar suka riƙa ƙunƙuni, kowacce na cewa gobe ba za ta zo ba. Lariba ce ke ba su haƙuri.

Wata Talata Mumuni ya tarar ta ware kwando guda na goro mai ƙwaro gefe.

"Ke tsohuwa, makanta ce ta kama ki? Goro mai kyau za ki zubar mini?"

A gaban direbobi ya faɗa. Lariba ta ji kunya ta rufe ta, abin da ba ta taɓa ji a rumfar ba. Ta kife faifanta, ta gyara ɗaurin zane.

"Na goya wanda ya girme ka," in ji ta. "Sai an jima."

Kafin Juma'a mata huɗu sun bi ta. Mumuni ya sa aka juye kwandon cikin sauran kaya, bayan mako uku aka aiko masa cewa huhun goro shida sun lalace a hanya.

Ya same ta a ƙofar gida, inda ta fara sayar da koko. Ya durƙusa.

"Mma, na yi kuskure."

Ta cika masa ƙwarya. "Sha tukuna. Dubi yadda ka rame."

Ta yafe masa, amma ba ta koma ba. Ta ce bayanta ya ɗanɗana hutu. Uku daga cikin matan suka koma da yardarta, ta huɗun kuwa, Habsa, ta zauna tana soya mata ƙosai. Har Lariba ta tsufa mutanen unguwa na ƙorafin cittar kokonta ta yi yawa, kuma kafin hantsi tukunya ta ƙare.