Rabe Maƙeri Bai Yanka Laya Ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Rabe Maƙeri na Dutsin-Ma, amma har yau akwai bakunan da ba su gaji da cin namansa ba. Makon jiya na ji wani matashi, wanda ko auren uwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, yana nuna wa abokinsa wani kango a bakin hanyar Kurfi yana cewa nan ce maƙerar “mai yanka laya”. Yana faɗa yana dariya, yana ɓare gyaɗa. Saura kaɗan in kwaɗa masa sandata, sai na tuna ba shi ya cancanci sandar ba. Wanda ya cancance ta shi ne mai rubuta maku wannan, kuma yau zan faɗi dalili.

Rabe taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tsararmu ɗaya. Ƙira ya gada, amma hannunsa bai tsaya kan fartanya da lauje ba. Ya koyi gyaran keke, ya wuce ga keken ɗinki, daga baya ya yi shekara biyu a Funtuwa wurin masu gyaran manyan motoci, ya dawo yana jin yaren inji. Mutum ne mai barkwanci, ni kuwa nakan sha tsiyarsa fiye da kowa. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: ƙarfen da mutum zai ɗora ransa a kai. Yana da wata 'yar guduma da bai taɓa ba kowa aro ba. Duk abin da aka kawo masa, kafin ya taɓa sifana sai ya bi shi gaɓa-gaɓa yana ƙwanƙwasawa, ya karkata kunne. Yakan ce lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi, mai ciwo kuwa gunaguni.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ina malamin dabbobi, ina zaga rugage daga Kuki har Wurma ina yi wa shanu allura. Wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu ya bar mini tsohon babur ɗinsa, baƙi, mai nauyin tsiya, wanda ya daɗe a jingine. A duk ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi babura ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba, sai kaina ya kumbura. Tun kafin injin ya tashi na sa aka ɗora shi a mota zuwa wurin wani baduku a Kurfi. Aka naɗe hannayensa da jar fata, aka yi wa sirdin riga mai zane, aka rataya tuntaye har suna shafar tayar baya. Murfin sarƙa kuwa cire shi na yi na jefar, wai yana ɓoye kyan ƙafar.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da nake wanke babur ɗin na ga wata 'yar tsaga, siririya kamar gashi, a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Na gan ta da idona, na sa farce na ji ta. Na riga na cika gari da baki cewa Bature ya ba ni babur garau, to yaya zan ce fasasshe ne? Sai na je wurin Malam Ilu, limamin unguwarmu wanda ya koya mini karatu, na roƙi layar tsari daga hatsarin hanya. Ya rubuta mini da zuciya ɗaya, bai san komai ba. Na kai wa baduku, na nuna masa daidai wurin, na ce a nan za a ɗinke ta cikin fata. A wautata ina ganin na yi dabara biyu: ido ba zai ga tsagar ba, layar kuma za ta riƙe ta. Har alkawari na yi wa Malam cewa shi zan fara goyawa, in kai shi walimar saukar karatu a Kurfi.

Saura kwana shida walimar na tura babur maƙerar Rabe, na ce ya tayar mini da inji kawai. Ya zaga shi sau biyu, ya ce, “Sada, wanga amarya ce ko babur?” Ya ɗaga tuntayen ya nuna mini yadda za su shige cikin wayoyin taya, ya tambayi inda murfin sarƙa yake, ya ce da babbar riga zan hau ko tsirara. Ya matsa birki, ya ga fatar da aka naɗa ta hana shi kaiwa ƙarshe. Duk wannan da dariya ya yi. Sannan ya ɗauko 'yar gudumarsa. Ya bi ƙashin babur ɗin tun daga baya, ƙarfe na amsawa, har ya iso gefen layar. Ya buga, ya sake bugawa, dariyar ta ɗauke.

Ya wanke hannu tukuna, wannan na gani da idona. Ya sa wuƙa ya warware ɗinkin fatar da ke kewaye, ya zaro layar lafiya lau, ko ƙwarzane babu, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya dubi tsagar, ya dube ni. Ya ce, “Ka san da ita.” Na cusa layar a aljihu. Ya ce, “Kuma Malam za ka ɗauka bisa wanga, ku gangara rafin Birchi?” Ya ce shi ba zai yi wa wurin faci ba, sai an sake ƙarfen ɗungurungum. Washegari ya kwance shi, ya naɗe a buhu, ya hau motar gyaɗa zuwa Funtuwa neman irinsa.

Kwana huɗu ya yi, kuma cikin kwana huɗun nan aka gama da shi. Badukun ya zo cin kasuwa, ya tarar da fatunsa a warware a gefen maƙera, ransa ya ɓaci. Kafin la'asar labari ya zama Rabe ya yanka laya. Kafin gari ya waye an ce ya jefa ta a toka. Zuwa Alhamis har an sami waɗanda suka rantse sun ji shi yana cewa ƙarfen Nasara ba ya buƙatar rubutun malamai. Mutanen da ya gyara wa keke kyauta, matan da ya ɗinke wa tukwanen ƙarfe, duk suka sami abin taunawa, babu wanda ya ce a jira mutumin ya dawo.

Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam Ilu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, jama'a na kewaye. Ba da faɗa ya yi ba. Ya ce, “Sada, mi ya sa ɗan'uwanka ya cire rubutuna?” Layar tana cikin aljihuna a lokacin, ina jin tudunta a cinyata. Abin da ake buƙata kawai in zaro ta, in ce ni na rufe ɓarna da sunan Allah, shi kuwa ranka ya ceta. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Allah gafarta Malam, ni ma ban san dalili ba.”

Rabe ya dawo da ƙarfen, ya tarar gari ya juya masa baya. Bai fasa aikin ba. Ya ɗaura sabon ƙarfe, ya ƙera murfin sarƙa da hannunsa, ya sake wayar birki, ya datse tuntayen ya bar mini biyu a inda ba za su taɓa komai ba. Ya wanke tanki, ya tayar da inji, ya hau da kansa ya je Kurfi ya dawo kafin ya yarda in taɓa. Da zai ba ni, na ce masa cikin in'ina ai yana iya nuna wa mutane tsohon ƙarfen. Ya ce, “In na nuna, kai na kashe. Bakinka ne zai faɗa, ba nawa ba. Ina nan.”

Malam Ilu bai hau babur ɗin ba, da jaki ya je walimarsa, kuma har ya koma ga Allah bai sake kai ko allura maƙerar Rabe ba. Mutanen gari suka bi sahu. Mutumin da ya iya kwance inji ya mayar, ya koma ɗaukar fartanyu a ka yana bin kasuwannin ƙauye inda labarin bai yi ƙarfi ba. Wanda ya nemi babbar 'yarsa ya janye. Ni kuwa na ci gaba da hawa abina, ana ɗaga mini hannu, ana cewa Malam Sada mai haƙuri ne da bai kai taubashinsa ƙara ba. Gyara ma Katsina na koma kaiwa, don ba na iya haɗa ido da shi. Shekara bakwai muka yi a haka, ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Yau in na tsaya a tasha ina kallon 'yan acaɓa, raina ɓaci yake. An cire madubi an maƙala furen roba, an rubuta addu'a a bayan babur da fenti mai ƙyalli, birki kuwa sai an haɗa da tafin ƙafa. A haka za a ɗora mace mai ciki da buhun masara a fizga. In an faɗi a ce ƙaddara. Da Rabe na nan da ya bi layin nan da 'yar gudumarsa, kuma na tabbata rabinsu ba za su kwana a kan hanya ba. Na kuma tabbata za a sake samo masa wani mugun suna, don mu har gobe mun fi jin haushin mai tona ɓarna a kan mai binne ta. Ba na faɗin haka daga sama, ni ne shugaban masu binnewar.

Me ya rage na Rabe? Maƙerar ta rushe, babur ɗin ya daɗe da zama tarkace. Akwai ni, da na kai tsufa da ƙafafuna biyu, na ga jikoki, alhali da an bi tawa da tuni an kwashe ni da limaminmu a gangaren rafi. Akwai kuma sunan ƙarya da na bari aka liƙa masa. Ku da kuka gaji sunan nan daga iyayenku, ku ajiye shi daga yau. Rabe bai yanka laya ba, bai jefa ta a toka ba, ya fi mu duka girmama abin da ke cikinta.

Kafin in aika da rubutun nan na je na karanta wa Hajara, matar da ya bari. Ta saurara har ƙarshe tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Na ce ta yafe mini, na ce na san ya mutu yana jin haushina. Sai ta ajiye faifan.

Ta ce, “Haushi? Malam Sada, ba ka san shi ba ashe. Duk ranar da ya jiyo ƙarar babur ɗinka daga nesa, sai ya aje guduma, ya gyara hula, ya ce mani in shimfiɗa tabarma, yau Sada ya zo faɗar gaskiya. Shekara bakwai ina shimfiɗa tabarmar nan, kai kuwa kana wucewa.”