Amshin da Ya Dawo Bayan Mai Shi

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Tanimu mai kukuma, kuma har yau in na ji ana daka a maƙwabta sai in saki abin da nake yi in kasa kunne. Ba da son raina ba ne. Shi ya saba mini, ya tafi ya bar ni da sabon.

Mu 'yan Sundimina ne. Manomi ne kamar kowa, amma da kaka ta yi sai ya rataya kukumarsa ya bi gidajen biki, daga Birnin Kudu har Gwaram. Lokacin da aka samu mulkin kai yana saurayi, waƙoƙinsa na soyayya sun cika dandali. Mutane na cewa aljanu ke ba shi. Ina aljanu! Ni ce aljanar, ni da turmin gidanmu.

Yaya ba ya fara waƙa da baiti, sai da amshi. Zai yi ta tauna shi a gona yana yanke duk kalmar da ta yi nauyi, don a cewarsa amshin da mai daka ba za ta iya rerawa da numfashi ɗaya ba, wa'azi ne. In ya gamsu sai ya kira ni bayan rumbu ya rera mini sau biyu, ba ya ƙarawa. In ban kama ba ya ce laifin amshin ne, ya watsar. In na kama, in tafi da shi wurin surfe ko bakin rijiya, in sake shi cikin mata kamar ban san na yi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Kada ki ce nawa ne sai ya dawo."

Daga nan sai jira. Ya je tashar Birnin Kudu ya zauna a bencin mai shayi kamar marar aikin yi. Ranar da ya ji amshin a bakin wani karen mota da ya taso daga kasuwar Sara, ranar zai dawo gida ya ɗora baitoci. Wanda bai dawo ba kuwa ya mutu, ko da yana son sa kamar ransa. Na sha yi masa masifa a kan amsoshi masu daɗi da ya binne haka, shi ko sai dariya. Samarin da ke zuwa koyo yakan ce musu su daina cika waƙa da bege da ƙauna, su ba mai sauraro abin da zai taɓa da hannu, ko ƙwarya ce ko ƙyauren ɗaki, sannan su ƙare layi da kalmar da baki zai iya ja.

Sai zamanin man fetur ya zo. Motoci suka yi yawa, samari suka kwashe zuwa Kano da Ikko, masu biki suka koma ɗauko faifai da lasifika. Abin da ya fi yi mana illa kuwa injin niƙa ne. Mata suka rage haɗuwa a turmi, sai layi a gaban inji, inda ko sallamar juna ba a ji. Amshi bayan amshi na saka, shiru. Ga tari ya kama shi, yana ta ramewa.

Farkon wata damina ya aika aka kira ni, lokacin ina gidan mijina a Birnin Kudu. Da na iso ya dafa kafaɗata muka zaga bayan rumbu, ya rera da 'yar muryar da ta rage masa:

Na ɗumama tuwo ba ka zo ba,
Gobe ma zan ɗumama.

Ya ce wannan karon ya karya dokarsa, baitocin suna nan a kansa, amma ba mai jin su sai amshin ya dawo. Na roƙe shi, na yi kuka, har na ce masa taurin kansa ya fi na jakin Baba. Bai ba ni ko layi ɗaya ba. Na kai amshin gidan suna, na kai gidan kitso. Shi kuma da ƙafa ta gaza kai shi tasha, sai direbobin da ya sani suke leƙo shi, kowa ya ce bai ji komai ba. Duk zuwan da zan yi, kafin in ajiye mayafi zai tambaya ko ya dawo. Zuwana na ƙarshe bai tambaya ba, cewa kawai ya yi, "Ladi, kunnen mutane ya bar ni." Da wannan baƙin cikin ya cika, bayan an gama girbi.

Ranar addu'ar bakwai, wata mata ta zo gaisuwa daga Farin Dutse, dangin surukanmu ce, ba ta taɓa ganinsa ba. Goyonta ya tsananta kuka, ta zaga bayan rumbu tana jijjiga shi. Ina wanke kwanuka na ji amshin nan a bakinta, ƙasa-ƙasa, kalma ba ta sauya ba. Ban san lokacin da na riƙo hannunta ba, na ce a ina ta samo shi. Ta tsorata, ta zaci kunyar waƙa a gidan makoki nake ba ta. Ta ce, "Yi haƙuri Inna, ai duk garinmu yi ake, tun kafin a yanke gero."

Tun kafin a yanke gero. Yana da rai ke nan, yana kwance yana jira. Amshin bai bi tasha ba, ɗaki-ɗaki ya bi, wurin matan da mazansu suka tafi neman kuɗi, kuma ba mu da kunne a can. Wannan abu har yau yana cin raina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yaran yanzu, masu shiga situdiyo da safe, da yamma waƙa tana kasuwa. Ba na jin zai raina su, shi ba mai hassada ba ne. Zai dai tambaya wa ya ɗauki amshin kafin a buga, kuma in an ɗauke wuta akwai wanda zai ci gaba da rerawa.

Gara ta cinye kukumar. Ba kaset ɗinsa ko ɗaya, baitocin kuma suna tare da shi a kabari. Layi biyun nan ne suka rage. Kwanaki na ji matar jikana tana yin su a madafa, na tambaye ta, ta ce waƙar mutanen da ce, ba ta da mai ita. Tana da mai ita. Tanimu ne na Sundimina, kuma sharaɗinsa ya cika, shi ya sa na faɗa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni dai duk sanda na ji amshin sai na waiwaya wajen rumbu, bakina ya riga hankalina: Yaya, ya dawo.