Saƙon da Na Kai Kurmi Na Dawo da Shi

Yayanmu ya tafi kurmi cin rani a shekarar da aka gama yaƙin basasa, ya ce kafin ruwan shuka yana gida. Ruwan shuka ya zo ya wuce, na wata shekarar ma ya zo ya wuce, ba Yaya. Sai dai goro. Duk wanda ya taso daga Badun ya biyo ta kasuwar Ajingi sai ya miƙo mana ƙunshi a ganye, ya ce ɗanku yana gaishe ku, ya zama direban babbar mota, har ya yi tumbi. Baba yakan karɓa ya rabar wa maƙwabta. Shi ko ɓari ɗaya ban taɓa ganin ya sa a baki ba.

Mu uku ne a gandunmu na Toranke, Baba da Yaya da ni. Da Yaya ya tafi muka koma biyu, ɗayan kuma bayansa ya fara rankwafawa. Matar Yaya tana cikin gida da 'yarta, tana jiran mijin da ya zama ƙunshin goro. Ana cikin haka fari ya shigo. Wanda bai yi noma a irin waɗannan shekarun ba ba zai gane ba: shuka ba sau ɗaya ake yi ba. Ka shuka, ta tsiro, rana ta ƙone ta, ka sake. Hannu muke nema ruwa a jallo. Gonarmu ta jeji, wadda Yaya ya saba riƙewa, sabara ta fara cinye ta muna kallo.

Wata ranar bazara muna sauke taki daga kan jaki, Baba ya yi min magana yana duban wani wuri daban.

"Za ka je wurin wancan."

Haka yake kiransa. Ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba.

"Saƙona shi ne ya dawo kafin shuka. Amma ka ji ni da kyau. Sai ya tambaye ka. In ya ce wane saƙo aka ba ka, ka faɗa masa. In bai tambaya ba, ka riƙe bakinka."

Na ce to. Ban ɗauki sharaɗin a bakin komai ba, don a gidanmu haka aka saba: ɗan aike ya sauka, a ba shi ruwa, a gaisa, sannan wanda aka zo wurinsa ya gyara zama ya ce, to, me aka ce? Wa zai ga ƙanensa ya keto ƙasa tun daga Gaya har Badun bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba?

Ashe akwai shi, kuma cikinmu ɗaya.

Na taka zuwa Gaya, na hau mota ta Wudil zuwa Kano, na shiga jirgin ƙasa na farko a rayuwata, na sauka a Badun ƙafafuna sun kumbura. A Sabo, unguwar Hausawa, na same shi, a rumfar masu ɗaurin huhun goro. Ya rungume ni har da ƙwalla. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi matarsa da 'yarsa, ya tambayi liman, ya tambayi rijiyar ƙofar gida ko har yanzu ruwanta na da zartsi. Har jakin sai da ya tambaya. Na gyara zama ina jira. Sai ya buga cinyata ya ce, "Ka huta, ƙanena. Gobe zan nuna maka gari."

Da safe ya kai ni gindin wani bene da ya ce babu mai tsawonsa a ƙasar nan, da kuɗin koko, 'ya'yan itacen da ake nomawa a can, aka gina shi. Muka shiga wani akwatin ƙarfe, ya ɗaga mu sama, hanjina ya dawo maƙogwaro. Daga can ya nuna min rufin kwano ja-ja-wur da tsatsa har iyakar gani, yana ta cewa, "Duba! Duba fa!" Na duba. Gari ne. Na ce masa ya yi kyau, don a raina ina cewa in mun sauka ƙasa zai tambaya. Da muka sauka sai ya ce yunwa yake ji.

Kashegari gidan zu. Nan ne raina ya fara ɓaci sosai. An yanki tikiti, mun bi layi, sai ga ni tsaye gaban kura. Kura dai, irin wadda ta taɓa tsallako mana danga ta ɗauke akuyar Inna. Tana kwance a inuwa, wani mutum mai kakin aiki yana jefa mata nama. Mu a gida an fara auna tsaba da hannu ana ƙara ganye a tukunya, ni kuma ga ni nan na biya in kalli ɓarauniya tana cin abinci. Yaya yana dariya yana tsokanar biri da ɓawon ayaba. Na yi gyaran murya. Bai juyo ba ya ce, "Zo ka ga kada."

Motar maigidansa ce a hannunsa, yana bin ƙauyukan Jihar Yamma yana kwaso goro, don haka bai rasa inda zai ja ni ba. Ya sa ni a gaba, kusa da shi, ya ce wurin manyan baƙi ne. A Abekuta ya tilasta min hawan wani dutse, muna ratsa matsattsun lunguna ina goge fatar gwiwa. A sama ya ware hannu kamar ubansa ne ya bar masa wurin gado. Na ce, "Yaya, mu da muke maƙwabtaka da garin Dutse, duwatsu za ka nuna min?" Ya ce ai wannan na tarihi ne, mutanen garin a nan suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙe. Na ce lallai wurin ɓuya ne mai kyau. Ya gane, don na ga kunnensa ya motsa, amma sai ya shiga nuna min kogi.

Ba ni da abin faɗa a kan mutanen ƙasar. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a tasha ta lura ba na iya cin miyarsu don yaji, ta tashi ta dafa min wake daban, ko yarena ba ta ji. Da Yaya nake, da wuraren da yake tare ni da su. Har yau in na ji wani yana zuba labarin wuraren shaƙatawa na kudu, wai kowa ya kamata ya je ya gani, sai in tashi in bar wurin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ruwan sama. A can damina ta riga ta sauka. Kusan kowace la'asar hadari ya haɗu, ya zubo kamar da bakin ƙwarya, ya bi kwata ya tafi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Mutane ma tsaki suke yi, wai ya hana su kasuwa. Ni kuwa da na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, in tuna Baba yana fita tsakar gida yana duban gabas. Na san lokaci yana ƙurewa. In ruwan farko ya sauka a Toranke, wa zai riƙe masa sungumi?

Na yi ta dabara. In ce, "Baba fa ya tsufa." Ya ce Allah ya ƙara masa lafiya. In ce, "Gonar jeji ta zama daji." Ya ce ai hutu yana gyara ƙasa. In ce 'yarsa ta fara magana, kowane namiji ta gani sai ta ce Baba. A nan ya kafa wa hanya ido har sai da muka wuce ƙauye guda, na ce yau dai an zo wurin. Sai ya taka birki ya ce, "Ka taɓa ganin inda ruwan zafi da ruwan sanyi ke fitowa daga tudu ɗaya?"

Ban taɓa gani ba, kuma ban roƙi kowa in gani ba. Ya ja ni cikin kurmi, sauro na cin mu da rana tsaka, har wata 'yar ƙorama. Ya ce in sa ƙafar dama a nan, ta hagu a can. Na sa. Ɗaya ɗumi, ɗaya sanyi. Ya tsaya yana jiran in yi salati. Na ce matarsa ma haka take surka ruwan wanka kullum, kuma ba wanda ya yanki tikiti ya zo kallonta. Ya ce ni dai tun ina yaro ba ni da godiya.

A nan na tabbatar ba mantuwa ba ce. Mutumin nan ya san abin da ke bakina tun ranar da ya hango ni a Sabo. Karramawar da yake min duk katanga ce. Ba a yi wa mai masauki gatse yana dawainiya da kai, ba a katse babba yana nuna maka abu, ga kuma sharaɗin Baba a wuyana. Ya ɗaure ni da tarbiyyar gidanmu, yana yawo da ni kamar tunkiyar da za a kai kasuwa.

Wuri na ƙarshe yana wajen Ilesha. Tun daga nesa na ji wani ruri, na zaci injin niƙa ne. Muka hau, muka hau, duwatsun duk santsi, sai ga ruwa yana faɗowa daga saman dutse, fari fat, yana dukan ƙasa yana tashi kamar hayaƙi. Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya. Na daɗe a tsaye. Abin da ya zubo a ɗan lokacin da na yi ina kallo ya isa ya jiƙa gandunmu har da na maƙwabta. Yana zuba ne kawai, ba gona a ƙarƙashinsa, ba mai tara ko tulu, sai wasu 'yan makaranta da ke wanka suna ihu. Ban taɓa jin haushin wani abu da Allah ya halitta ba kamar yadda na ji haushin ruwan nan.

Na kama hannun rigar Yaya na ja shi gefe, bayan wani dutse inda ƙarar ta ragu. 

"Yaya, gobe zan koma gida."

"Haba, da wuri haka? Ba ka ga tudun Idanre ba."

"Na ƙoshi. Ba abin da za ka tambaye ni?"

Ya sunkuya ya tsinki wata ciyawa yana murzawa. Murnar nan ta kwana da kwanaki duk ta zube daga fuskarsa.

"Don girman Allah kada ka faɗa," ya ce. "In ka faɗa, na ji. In na ji ban bi ba, na zama ɗan da ya saɓa wa ubansa, kuma ka san abin da bakin uba ke yi wa mutum. Yanzu kuwa ɗa ne ni da ya yi nisa, shi ke nan."

"To ka bi mana!"

"In koma in yi me? In shuka in zauna ina kallon sama? Na yi, ƙanena. Na yi har na gaji."

"Baba bai gaji ba? Ni ban gaji ba?"

"Ai shi ya ce maka sai na tambaya, ko ba haka ba?"

Ban taɓa gaya masa wannan ba. Ya san ubansa, ubansa ya san shi, ni ne kawai wawan da aka sa a jirgi. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da bene da dutse da kurarsa. Ban ce tsakanina da shi ba, don yayana ne, amma ya san da wa nake. Muka koma Badun. A tashar jirgi ya miƙo min ƙunshin goro da turmin atamfa na matarsa. Na karɓi atamfar, na bar shi riƙe da goron.

Tun daga Wudil na ga ƙasa ta yi duhu. An yi ruwa. Ban tsaya gida ba, na ajiye kaya a zaure na wuce gona. Na hango Baba yana sara da sungumi, ya sara ya tsaya ya dafe ƙugu, ya sake sarawa. Matar Yaya tana bin sa da ƙwaryar iri, tana zubawa tana rufewa da ƙafa, 'yar a goye. Layukan duk sun karkace. Baba da ake kwatance da miƙewar layinsa a Toranke.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya duba bayana, hanyar da na fito, sannan ya dube ni.

"Ya tambaya?"

"Bai tambaya ba, Baba."

"Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. Na ji kamar in yi kuka don takaici.

Ya dogara da sungumin ya ce in gaya masa abin da ya riƙe ni. Na fara a gajarce, ina zagin kowane wuri. Ya ce a'a, in faɗa masa yadda suke. Sai na gane so yake ya san abin da aka zaɓa aka bar shi. Na ba shi labarin benen, ya ce uhm. Na ba shi na dutsen da na kurar, bai ko motsa ba. Da na zo kan ruwan nan mai faɗowa sai ya ɗago.

"Daga ina yake zuwa?"

"Daga cikin dutsen, Baba."

"Da rani fa?"

"Sun ce bai taɓa tsayawa ba."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Hadarin jiya ya watse, ba ko ɗigon gajimare, rana har ta fara busar da bakin ramukan da ya sara da safe. Matar Yaya ta tsaya cak da iri a hannu tana sauraro.

"To ina zai dawo," in ji Baba.

Ya miƙo min sungumin. "Gonar jeji a bar ta. Kama daga nan."