Wietske da Direban da Ya Ga Komai

Shekara talatin Wietske ta yi tana karɓar haihuwa a birnin Groningen na ƙasar Holan. Da ta yi ritaya, sai ta koma sauraron waɗanda damuwa ta sa suka ci naman kazan nan mai sa gane-gane, suka dawo da kai a cike.

Ranar Talata Sjoerd, direban bas, ya faɗo mata bayan shi ma ya ci naman kazan.

"Mama, na ga komai! Duniya duk ƙauna ce. Gobe zan ajiye aiki in tafi ƙasar Peru!"

Ta zuba masa kofi, ta miƙa masa biskit ɗaya tak.

"Sannu, shehin malami. Peru ba za ta gudu ba. Amma ƙanenka na bayan layinku, shekara shida ba ka kira shi ba."

Ya dube ta. "Yanzu?"

"Kofin zai jira."