Fulawar Makarantar 'Yan Mata da Na Saya a Adan

Shekarun baya, can lokacin da Turawa ke babban yaƙinsu, jiragen alhazai suka ɗauke ƙafa, Makka ta shiga wani hali da sai wanda ya gani da idonsa. Mu mutanen unguwar Hindawiyya da abincinmu ke rataye da aikin hajji, mu muka fi kowa ji a jiki. Maigidana ya samu aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Adan, can kudancin Yaman, ya ce in biyo shi. Na bar mahaifiyata a hannun yayana, na ɗaure ƙunshin zare da allurai da turaren wuta, na bi shi. Ni dai tun ina yarinya nake sayar da kunu a Arfa, ban taɓa iya zaman jiran miji ya kawo ba.

A Makka ban taɓa ganin Bayahude ba, sai dai in ji a karatu. A Adan kuwa ɗakin da muka kama haya bayansa jingine yake da katangar makarantar 'yan matan Yahudawa, ta manya, waɗanda suka gama ajin ƙanana. Tun da safe nake jin su suna rera karatu da wani yare mai kama da Larabci amma ba shi ba. Da na lura suna da ajin ɗinki, na ce to, Allah ya kawo kasuwa har ƙofa. Na ɗauki faifaina na zauna a bakin ƙofar.

Ba a yi wata ba aka shigar da ni ciki. Malamar ɗinkinsu ce ta kira ni, wata gajera mai saurin magana, wadda ta zama ƙawata. Ita ke kira na Makkawiyya, ni ina ce mata Ustaza, yaran kuma su ce mini Khala, wato inna.

Makarantar ba karatu kaɗai ake yi ba. Ranar Alhamis manyan 'yan mata kan zauna su yi wa marayun cikinsu ɗinki. Ranar Juma'a su gasa burodi, su bi gidajen tsofaffi da marasa lafiya suna rabawa kafin rana ta faɗi, don daga nan har Asabar da yamma ba sa taɓa aiki, ko wuta ba sa hurawa. Akwai wani bikinsu da suke yin wasan kwaikwayo, 'yan mata su liƙa gemun auduga, iyaye mata na dariya har da hawaye. Amma abin da ya riƙe makarantar shi ne ɗakin girki. Kowace rana aji ɗaya ke karɓar girki, kowace yarinya ta samu burodi da miyar wake da rana. Akwai 'ya'yan talakawa da suka gangaro daga duwatsun Yaman, waɗanda iyayensu ba su bar su sun zo ba sai don wannan burodin. In yarinya ta ci a makaranta, an rage baki ɗaya a gida.

Cikinsu akwai wata doguwa mai ɗan tabo a haɓa. Ita ke fara zuwa wurin faifaina, ba ta saye, sai dai ta jera mini zaren kala-kala tana cewa, "Khala, in na gama, ni ma malama zan zama, ni zan riƙa saye a wurinki. Ki shirya rangwame tun yanzu."

In ce mata, "Ki fara zama malamar tukuna, mai bakin ciniki."

Da babban idinsu ya gabato, makarantar ta kife. A idin nan ba sa cin duk abin da ya kumbura na alkama, ba sa ma yarda ya kwana a cikin mallakarsu. Na ga 'yan mata na kankare tebura, suna karkaɗe littattafai shafi-shafi don kada ɓurɓushin burodi ya maƙale. Ina kallo ina cewa a raina, wannan shara ko ta gidan amarya albarka.

Ana gobe za su rufe, ƙawata ta zo da wani tsohon malaminsu mai farin gemu.

Ta ce, "Ya Makkawiyya, za ki sayi fulawa?"

Na ce, "Wace fulawa? Garin nan ko mai kuɗi sai ya yi layi."

"Tamu. Duk abin da ke ɗakin ajiya."

Suka kai ni. Buhuna ne jere har kusan rufi, abin da masu hali na cikinsu suka tara wa makarantar don ya kai ta ƙarshen shekara. Tsohon ya yi bayani da Larabcinsa mai nauyi: zan ba da ɗan kafin alƙalami yanzu, ciko kuma bayan idi, a kan farashin kasuwa na wannan ranar. Ɗakin ma na ara, ga mabuɗin ƙofar baya da ke kallon lungunmu. Ya ce da can wani tsohon mai gadi Basomale ne ke saye duk shekara, to Allah ya yi masa rasuwa.

Na ce, "Tsaya, Ustaza. Ni 'yar kasuwa ce, ba na son magana biyu. Ajiya ce kuke ba ni, ko kayana ne?"

Ta dubi tsohon. Tsohon ya dubi buhunan. Ta ce, "Kayanki ne."

"In na ga dama in ci, in na ga dama in sayar?"

"Wa zai hana mai abu abinsa?" Sannan ta ƙara, "Amma bayan idi za mu zo mu same ki."

Na ce, "Ku zo, cikon kuɗinku na jiranku."

Ta yi murmushi ta matse mini hannu. Ni na ɗauka murmushin an gama ciniki ne. Na ce a raina, wataƙila addininsu ya ce bayan idi sai sabuwar fulawa, masu kuɗinsu kuma sun yi musu alkawari. Wa ya san cikin addinin wani?

Da na gaya wa maigidana, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "A wannan marrar mutum ya sayar da abincin 'ya'yansa? Ki leƙa ki tambayi maƙwabciyarmu, ta girme mu a unguwar nan."

Na ce, "In tambaye ta, gobe mijinta ya riga ni? Kai dai ka san dako, bar mini kasuwa."

Ka ji wayon. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa ɗan kasuwa ba ya shelar abin da ya tsinta, kuma wannan karatun ya ciyar da ni shekara da shekaru. Rannan kaɗai ya kayar da ni. Katanga ɗaya ce tsakanina da matar da za ta warware mini komai da magana biyu.

Akwai wani mai jirgin katako da zai tashi zuwa Jidda a makon, wanda ya san yayana. Na san abin da mudun fulawa ya kai a Makka, na kuma san abin da mahaifiyata ke ci. Na ɗauko 'yan dako, da rana tsaka muka kwashe ɗakin tas, har na sa aka share shi. Unguwar Yahudawa kowa na cikin gida yana idi. Jirgi ya tashi, na karɓi rabin kuɗina a hannu, na kwana ina yaba wa kaina.

Washegarin gama idi, sai ga ƙawata da manyan 'yan mata biyu, ɗaya ita ce doguwar nan, ɗauke da faranti na dabino da irin busasshiyar gurasar idinsu. Suna ta fara'a.

Ƙawata ta ce, "To, attajira, mun zo sayen fulawa. Allah ya sa ba za ki tsawwala mana ba."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Na shiga na ɗauko ƙullin kuɗi na ajiye a gabanta, na ɗora mabuɗin a kai. Na ce, "Ga cikonku, a farashin yau ma na lissafa, ba na ranar ba. Ki ƙirga."

Ba ta taɓa ƙullin ba. Ta ce, "Na me?"

"Na fulawa mana."

"Fulawar tana ina?"

"Yanzu kam ta kusa Jidda."

Doguwar ce ta fara ganewa. Ta ajiye farantin a hankali kamar zai fashe. Ƙawata ta zauna a kan tabarma ba tare da na ce ta zauna ba.

Ta ce, "Makkawiyya, duk shekara muna sayarwa, bayan idi mu sake saye. Kowa a unguwar nan ya sani. Har jakunan masu ruwa sun sani."

Raina ya ɓaci, don na san inda nake da gaskiya. Na ce, "Ban tambaye ki ba? Ban ce ajiya ce ko kayana ba? Gaban malaminku na tambaya!"

"Kin tambaya."

"To me ya hana ki ce mini, baiwar Allah, riƙe mana za ki yi?"

Ta ce, "Da na faɗa, ya zama ba ciniki ba. Ya zama fulawar tamu ce, mun yi idi da ita a ɗakinmu, mun yi wa Allah wayo. Dole ya zama naki da gaske. Shi ya sa ba a sayar wa kowa sai wanda aka yarda da shi." Ta dubi ƙullin. "Ba ki ci mana ko kwabo ba, na sani. Amma yaran nan kuɗi za su ci da rana?"

Na jawo ƙullin kuɗin zuwa gabana.

Na yi abin da zan iya. Na bi duk dillalin da na sani a Adan, da kuɗinsu da ribata a hannu. Fulawa a lokacin sai da takardar rabo, wadda ke bayan fage kuma ta ninka har ba a magana. Abin da na samu buhunan dawa ne kaɗan. Na shiga ɗakin girkinsu da kaina na koya wa 'yan mata kunu da tuwon dawa. Suka ci don kunya, wata 'yar ƙarama ta ce, "Khala, haka kuke shan azaba a Makka?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

Su ma ba su zauna ba. Manyan 'yan mata suka ajiye tulu a ƙofar makaranta, duk mai hali ta zo da kofi ɗaya na fulawa daga gida ta zuba. Suka sayar da ɗinkin da suka yi niyyar ba marayu. Da wannan suka ceci burodin Juma'a na tsofaffi. Na rana kuwa ya koma sau biyu a mako, daga baya dawar ta ƙare, aka rufe ɗakin girki har ƙarshen shekara.

Yaran duwatsu suka fara raguwa. Ba wanda ya yi shela, kawai yau ka ga gurbi a benci, jibi ka ga wani. Doguwar ta jure kusan wata biyu. Rannan na je kai turare wani babban gida a bakin kasuwa, ita ta buɗe mini ƙofa, hannunta duk kumfar wanki.

Ta ce, "Sannu, Khala. Uwar gida na sama." Ta matsa na wuce.

Na ce, "Makaranta fa?"

"Nan ana ba ni abinci sau biyu, har in kai wa ƙannena." Ba ta faɗa da zafi ba. Da ma ta zage ni.

Na je wurin ƙawata na ce zan ɗauki cin yarinyar a kaina. Ta je ta yi magana da uban. Ya ce yanzu bakuna huɗu take ciyarwa, ba ɗaya ba, kuma ya riga ya ba mutane magana. Shi ke nan.

Ƙawata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma daina sayen zare a wurina ba. Sai dai daga ranar, duk farashin da na faɗa, shi take biya. Wanda ba ɗan kasuwa ba ba zai gane ciwon wannan ba. Mai ƙaunarka shi ke tsayawa ya ja da kai, ya ce ka cika tsada, ya yi kamar zai tafi ka kira shi. Har na riƙa ƙara kuɗi da gangan ko za ta ce, haba Makkawiyya. Sai ta ƙirgo ta miƙo ta ce na gode.

Da yaƙi ya lafa muka koma gida. Bayan wasu shekaru na ji daga masu zuwa hajji cewa mutanen unguwar sun watse, makarantar ma babu ita. Ban san inda ƙawata ta ƙare ba, balle doguwar.

Na yi ta juya abin nan a raina tsawon rayuwata. Ko gaban alƙali aka kai ni, ni ce da gaskiya: na tambaya, an amsa, na biya. Amma na gane akwai cinikin da sharaɗinsa mafi girma shi ne wanda ba za a iya furtawa ba, kuma mutum ba ya ɗora maka irin wannan sai ya ɗauke ka nasa. Ita ta ɗauke ni 'yar unguwa. Ni kuma na tsaya a mai saye. Tun daga nan, in na shiga cikin mutanen da ban san al'adarsu ba, kafin in taɓa kayansu sai na nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin, na zauna na sha shayinta, ko da cinikin zai kuɓuce.

Fulawar kuwa ta isa Makka lafiya. Yayana ya sayar da rabi, mahaifiyata ta raba sauran a lungunmu, gidajen da suka yi kwanaki ba su hura wuta ba suka hura. Har ta koma ga Allah, in baƙi suka zo sai ta nuna ni ta ce, "Ga 'yata da ta ciyar da Hindawiyya daga Adan. Allah ya yi miki albarka." Mata su ɗaga hannu su ce amin. Ni ma in ce amin, don ba a mayar wa uwa da addu'a. Ban taɓa gaya mata bakin wa aka cire wannan burodin ba.